Bajintar jifa a wasan farko na kurket na ƙasa da ƙasa

Bajintar jifa a wasan farko, a wasan kurket, ita ce rawar ganin da mai jefa ƙwallo yake takawa a karon da ya fara wakiltar ƙasarsa, wato idan ya fitar da masu bugu da yawa na abokan hamayya ba tare da an tara maki mai yawa a kansa ba. Masu ajiye tarihin kurket suna ware wa irin wannan bajinta jeri na musamman a kowane nau'in wasan. A wasan Tes na maza, Narendra Hirwani na Indiya ne yake riƙe da tarihin wasa guda da wiket 16 da maki 136 (1988), shi kuma Albert Trott na Ostareliya yana riƙe da na zagaye guda da wiket 8 da maki 43 (1895). A wasan yini ɗaya, Charlie Cassell na Sikotland ya kafa tarihi a 2024 da wiket 7 da maki 21. A wasan T20 na mata, Rohmalia ta Indonesiya ta fitar da masu bugu bakwai a 2024 ba tare da an ci ko maki ɗaya a kanta ba.

Abin da jerin ya nuna shi ne, wasan farko mai ban mamaki ba ya zama tabbacin daɗewa a fage. Da yawa daga cikin waɗanda suke saman jerin sun ɓace bayan wasanni kaɗan, alhali wasu manyan masu jifa na duniya sun fara ne da wasan da ba a ko tunawa da shi.

Yadda ake karanta alƙaluman mai jifa

Ana buga kurket tsakanin ƙungiyoyi biyu, kowace da 'yan wasa 11. A tsakiyar fili akwai wata doguwar turba mai tsawon yadi 22, kimanin mita 20. A kowane ƙarshenta an kafa turaku uku, an ɗora 'yan guntayen itace biyu a kansu. Waɗannan turaku su ne wiket. Mai jifa yana jefa ƙwallo daga ƙarshe ɗaya, yawanci ta bugi ƙasa ta taso, mai bugu kuma yana kare turakunsa da sandar bugu yana neman maki. Jifa shida na halas su ne oba ɗaya. Idan an fitar da mutum goma daga cikin sha ɗaya, zagayen bugun wannan ƙungiya ya ƙare.

Kalmar wiket tana kuma nufin fitar da mai bugu ɗaya. Ana rubuta wa mai jifa wiket idan ƙwallonsa ta kayar da turaku, ko an cafe ta a iska bayan mai bugu ya taɓa ta, ko ta bugi ƙafar mai bugu alhali tana kan hanyar turaku, ko mai tsaron wiket ya kayar da turakun lokacin da mai bugu ya baro layinsa, ko mai bugun ya kayar da turakunsa da kansa. Idan an fitar da mutum yana cikin gudu tsakanin turaku, ba a lissafa wa mai jifa.

Ana rubuta sakamakon da lambobi biyu. Idan an ga 8/43, ma'anarsa wiket 8 aka samu, an kuma ci maki 43 a kan mai jifan. Lambar farko ita ake fara dubawa. Idan mutum biyu sun yi daidai a cikinta, wanda aka ci ƙarancin maki a kansa shi ne a gaba. Wiket biyar a zagaye ɗaya, ko goma a wasa ɗaya, su ne mizanin da ake ɗauka a matsayin babbar nasara. A filin Lord's na Landan akwai allunan girmamawa da ake rubuta sunan duk wanda ya kai wannan mizani a wasan Tes a can. Fitar da mutum uku da jifa uku a jere shi ake kira uku rigis.

Nau'in wasa yana iyakance abin da mai jifa zai iya samu. Wasan Tes yana kaiwa kwana biyar, kowace ƙungiya tana da zagaye biyu, kuma babu iyaka ga yawan obar da mutum ɗaya zai jefa, don haka wiket 20 ne a gabansa. A wasan yini ɗaya kowace ƙungiya tana da oba 50, mai jifa ɗaya ba ya wuce 10. A wasan T20 oba 20 ce, mai jifa ɗaya ba ya wuce 4, wato jifa 24. Saboda haka ba a gwama alƙaluman nau'i ɗaya da na wani.

Wasan Tes na maza

Wasan Tes na farko an yi shi ne a Melbourne a watan Maris 1877 tsakanin Ostareliya da Ingila, kuma kowa a cikinsa sabon shiga ne. Billy Midwinter na Ostareliya ya samu 5/78, Alfred Shaw na Ingila, wanda ya yi jifan farko a tarihin Tes, ya samu 5/38, sannan Tom Kendall ya samu 7/55 a zagayen ƙarshe, Ostareliya ta yi nasara da ratar maki 45. Kendall bai buga Tes fiye da biyu ba a rayuwarsa.

Zuwa ƙarshen 2024, mutum shida ne suka samu wiket 12 ko fiye a wasansu na farko na Tes:

1. Narendra Hirwani (Indiya), 16/136, da Wes Indis, a Madras, 1988
2. Bob Massie (Ostareliya), 16/137, da Ingila, a Lord's, 1972
3. Fred Martin (Ingila), 12/102, da Ostareliya, a filin Oval, 1890
4. Gus Atkinson (Ingila), 12/106, da Wes Indis, a Lord's, 2024
5. Prabath Jayasuriya (Sri Lanka), 12/177, da Ostareliya, a Galle, 2022
6. Jason Krejza (Ostareliya), 12/358, da Indiya, a Nagpur, 2008

Wes Indis tawaga ce ta haɗin gwiwar ƙasashen yankin Karibiyan masu magana da Turanci, irin su Jamaika, Barbados, Guyana da Tirinidad da Tobago. Domin a gane girman waɗannan lambobi, sakamako mafi girma a wasan Tes guda, ba tare da la'akari da sabo ko tsoho ba, shi ne 19/90 na Jim Laker na Ingila a 1956.

Fred Martin da Albert Trott

Fred Martin ɗan wasan yankin Kent ne mai jifa da hannun hagu. An kira shi wasan Oval na 1890 ne saboda waɗanda aka saba ɗauka ba su samu zuwa ba. A kan turbar da ruwan sama ya jiƙa, ya samu 6/50 da 6/52, Ingila ta yi nasara da ƙyar. Tarihinsa ya tsaya shekara 82 kafin a karya shi, amma shi kansa Tes ɗaya kawai ya ƙara bugawa.

Albert Trott ya fara ne a Adelaide a watan Janairu 1895. Bayan 8/43 da ya samu a zagayen ƙarshe na Ingila, ya kuma ci maki 38 da 72 da sanda ba tare da an fitar da shi ba, Ostareliya ta yi nasara da ratar maki 382. Duk da haka ba a sa shi cikin tawagar da ta je Ingila a 1896 ba, ko da yake yayansa Harry Trott ne kyaftin. Sai ya yi ƙaura zuwa Ingila, ya shiga ƙungiyar Middlesex, har ya buga wa Ingila Tes biyu da Afirka ta Kudu. Jimillar wasanninsa na Tes biyar ne. Har yau babu sabon shiga da ya wuce 8/43 a zagaye ɗaya.

Alf Valentine

Alf Valentine ɗan Jamaika ne mai murza ƙwallo da hannun hagu. Yana da shekara 20, kuma wasanni biyu kacal na ajin farko ya taɓa bugawa a gida, lokacin da aka ɗauke shi zuwa Ingila a 1950. A wasansa na farko a Old Trafford da ke Manchester, shi ne ya fitar da mutum takwas na farko na Ingila a jere, ya ƙare da 8/104, sannan ya tashi da wiket 11 a wasan. Wes Indis ta sha kaye a wannan wasa, amma ta ci sauran uku, ta lashe jerin wasannin da 3 da 1. Valentine ya samu wiket 33 a jerin, abokin aikinsa Sonny Ramadhin na Tirinidad, wanda suka fara rana ɗaya, ya samu 26. Valentine yana cikin waɗanda farkonsu ya ɗore: ya buga Tes 36, ya samu wiket 139.

Bob Massie

Bob Massie ɗan Yammacin Ostareliya ne, gwaninta kuwa ita ce karkatar da ƙwallo a iska. A Lord's a watan Yuni 1972 sama ta yi lumshi, iska ta yi danshi, ƙwallonsa ta riƙa lanƙwasa ciki da waje dab da isa ga mai bugu. Ya samu 8/84 a zagayen farko da 8/53 a na biyu. Dennis Lillee ne ya samu sauran wiket huɗun, Ostareliya kuma ta yi nasara da wiket takwas a hannu. Bayan wannan, karkatar ta guje masa. Ya yi fama da rashin lafiya a ziyarar Wes Indis ta 1973, kuma ba a daɗe ba ya rasa gurbinsa har a ƙungiyar jiharsa. Ya ƙare da Tes 6 da wiket 31, wato fiye da rabin abin da ya samu a rayuwarsa a wasa ɗaya ya same shi.

Narendra Hirwani

A watan Janairu 1988 Indiya ta karɓi Wes Indis a Madras, birnin da yanzu ake kira Chennai. A lokacin Wes Indis ce ƙungiya mafi ƙarfi a duniya, Viv Richards ne kyaftin ɗinta, kuma tana gaba a jerin wasannin. Indiya, ƙarƙashin Ravi Shastri, ta sa wani matashi ɗan shekara 19 mai sanye da tabarau, mai murza ƙwallo da wuyan hannu. Turbar busasshiya ce mai marmashewa, ƙwallo tana juyawa sosai tun daga farko. Hirwani ya samu 8/61 da 8/75, ya wuce Massie da maki ɗaya tak. Masu bugun Wes Indis sun riƙa baro layinsu domin su tari ƙwallon kafin ta juya, mai tsaron wiket Kiran More kuma ya kayar da turakun mutum shida ta wannan hanya, biyar daga ciki a zagaye na biyu. Indiya ta yi nasara da ratar maki 255, aka tashi jerin 1 da 1.

A wasanninsa huɗu na farko, duk a gida, Hirwani ya tara wiket 36. Da aka fita ƙasashen waje, inda turba ba ta taimakon mai murzawa, sai abin ya ragu, sannan Anil Kumble ya bayyana a 1990 ya karɓe gurbin. Hirwani ya ƙare da Tes 17 da wiket 66.

Lance Klusener da Jason Krejza

Wasan farko na Lance Klusener na Afirka ta Kudu, a Kolkata a 1996, ya fara da muni. A zagayen farko an ci maki 75 a kansa bai samu komai ba, har Mohammad Azharuddin ya kora ƙwallonsa iyakar fili sau biyar a jere. A zagaye na biyu ya dawo ya samu 8/64, ƙasarsa ta yi nasara. Daga baya an fi saninsa da ƙarfin bugu, har aka zaɓe shi gwarzon Gasar Kofin Duniya ta 1999.

Jason Krejza misali ne na yadda yawan wiket kaɗai yake iya ruɗar mai karatu. A Nagpur a watan Nuwamba 2008 ya samu 8/215 da 4/143. Wiket 12 abin yabo ne, amma maki 358 da aka ci a kansa sun taimaka wa Indiya ta yi nasara da ratar maki 172. Ya ƙara buga Tes ɗaya a Perth, ya samu wiket ɗaya, ba a sake kiransa ba.

Na baya-bayan nan

Scott Boland na Ostareliya yana da shekara 32 lokacin da ya fara, a Melbourne a watan Disamba 2021. Ya samu 6/7 cikin oba huɗu, Ingila ta ƙare zagayenta da maki 68. Prabath Jayasuriya ya fara yana da shekara 30, ya samu 6/118 da 6/59. Abrar Ahmed na Pakistan ya samu wiket 11 da Ingila a Multan a watan Disamba 2022. Shamar Joseph na Wes Indis ya fitar da Steve Smith da jifansa na farko a Tes, a Adelaide a watan Janairu 2024. Gus Atkinson kuwa ya samu 7/45 da 5/61 a watan Yuli 2024, a wasan da James Anderson ya yi bankwana da Tes.

Mutum uku ne suka yi uku rigis a wasansu na farko na Tes: Maurice Allom na Ingila a Christchurch a 1930, Peter Petherick na Niyu Zilan a Lahore a 1976, da Damien Fleming na Ostareliya a Rawalpindi a 1994. Akwai kuma Charles Marriott na Ingila, wanda ya samu 11/96 da Wes Indis a 1933, wasan da ya zama na farko kuma na ƙarshe a gare shi.

Wasan yini ɗaya

Tun da oba 10 ce iyaka, wiket biyar a wasan farko abu ne da ba a cika gani ba. Fidel Edwards na Barbados ya samu 6/22 da Zimbabuwe a Harare a watan Nuwamba 2003. Watanni kaɗan kafin nan ya samu 5/36 a wasansa na farko na Tes da Sri Lanka, bayan Brian Lara ya gan shi yana jifa a wurin atisaye.

Tarihin Edwards ya tsaya har ranar 10 ga Yuli 2015, lokacin da Kagiso Rabada na Afirka ta Kudu, yana ɗan shekara 20, ya samu 6/16 da Bangladash a Mirpur da ke Dhaka. A ciki akwai uku rigis: Tamim Iqbal, Litton Das da Mahmudullah. Rabada ya ci gaba ya zama ɗaya daga cikin manyan masu jifan sauri na zamaninsa, kuma a wannan fili na Mirpur ne ya cika wiket 300 na Tes a watan Oktoba 2024.

A ranar 22 ga Yuli 2024 Charlie Cassell ya karya tarihin Rabada a Dundee. Ya fitar da mutum biyu da jifansa biyu na farko, ya ƙare da 7/21 cikin jifa 34, Oman ta ƙare da maki 91.

Taijul Islam na Bangladash ne ya fara yin uku rigis a wasan farko na yini ɗaya, da Zimbabuwe a watan Disamba 2014. Wanindu Hasaranga na Sri Lanka ya maimaita haka a 2017, shi ma da Zimbabuwe. Brian Vitori na Zimbabuwe ya samu wiket biyar a kowanne daga wasanninsa biyu na farko, 5/30 da 5/20, da Bangladash a 2011. Mustafizur Rahman na Bangladash ya samu 5/50 da 6/43 a wasanninsa biyu na farko da Indiya a 2015.

Wasan T20 da kurket na mata

A wasan Tes na farko na mata, a Brisbane a watan Disamba 1934, Myrtle Maclagan ta Ingila ta samu 7/10, Ostareliya ta ƙare da maki 47, sannan ita Maclagan ta ɗauki sanda ta ci maki 72.

A T20 na maza, Elias Sunny na Bangladash ya samu 5/13 da Ireland a Belfast a 2012. Amma wannan jeri ya sauya kama bayan shawarar da hukumar kurket ta duniya, ICC, ta yanke a 2018, cewa duk wasan T20 tsakanin ƙasashe mambobinta zai zama cikakken wasan ƙasa da ƙasa: na mata daga 1 ga Yuli 2018, na maza daga 1 ga Janairu 2019. Nan take 'yan wasan ƙasashe da dama suka shiga littafin tarihi, wasu kuma suna karawa da ƙungiyoyin da ba su daɗe da koyon wasan ba. A watan Disamba 2019, a Pokhara, Anjali Chand ta Nefal ta samu 6/0 da Maldibs a wasanta na farko, Maldibs ta ƙare da maki 16. A watan Afrilu 2024, a Bali, Rohmalia mai shekara 17 ta samu 7/0 da Mongoliya. Waɗannan lambobi halas ne a hukumance, amma mai nazari yana duba ƙarfin abokan karawa kafin ya jera su da na waɗanda suka fuskanci manyan ƙasashe.

Dalilan da suke sa sabon mai jifa ya yi fice

Na farko shi ne rashin sani. Mai bugu yana da ƙasa da daƙiƙa ɗaya ya yanke shawara a kan jifan sauri, don haka yana dogara da abin da ya saba gani: yadda mai jifa yake riƙe ƙwallo, tsayin hannunsa, da inda yake sakin ta. Sabon mutum ba a san dabarunsa ba. Ajantha Mendis na Sri Lanka, mai tsinke ƙwallo da ɗan yatsa, ya samu wiket 26 a wasanninsa uku na farko na Tes da Indiya a 2008. Da masu bugu suka yi nazarinsa ta bidiyo, tasirinsa ya ragu, ya ƙare da Tes 19 da wiket 70.

Na biyu shi ne yanayin turba da sama. Busasshiyar turba mai tsagewa tana kama ƙwallon da aka murza ta juya ta, kamar yadda ya faru ga Hirwani da Jayasuriya. Turba mai ɗanyar ciyawa tana sa ɗinkin ƙwallo ya kauce bayan ya taɓa ƙasa. Masu zaɓen tawaga sukan kira sabon mutum ne daidai lokacin da suka ga yanayin ya dace da irin jifansa, don haka wasan farko yakan zo masa a rana mafi dacewa da shi.

Na uku shi ne gogewar cikin gida. Ba kowane sabon shiga ne yaro ba. Clarrie Grimmett yana da shekara 33 lokacin da ya fara wa Ostareliya a Sydney a 1925, ya samu 11/82, sannan ya tara wiket 216 a Tes 37. Boland da Jayasuriya su ma sun shafe shekaru a gasar cikin gida kafin a kira su.

Na huɗu shi ne yawan aikin da aka ɗora wa mutum. Idan sauran masu jifa sun gaza, wanda aka bari yana jifa tsawon yini zai tara wiket ko da ana cin maki a kansa, kamar Krejza.

Waɗanda suka fara da rauni

Shane Warne na Ostareliya ya fara da 1/150 da Indiya a Sydney a watan Janairu 1992, kuma mutumin da ya fitar, Ravi Shastri, ya riga ya ci maki 206. Warne ya ƙare da wiket 708. Muttiah Muralitharan na Sri Lanka, wanda ya fi kowa da wiket 800, ya samu uku ne kawai a wasansa na farko a wannan shekarar. James Anderson ya fara da kyau, da 5/73 da Zimbabuwe a Lord's a 2003, amma ya yi shekaru yana shiga yana fita kafin ya samu gindin zama, ya ƙare da wiket 704. Bambancin yana bayyana ne bayan an gano dabarar mutum: wanda ya iya ƙaro wata, ya kiyaye lafiyar jikinsa, ya kuma saba da turbobin wasu ƙasashe, shi ne yake daɗewa. Hausawa kan ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Najeriya

Turawan Birtaniya ne suka kawo kurket Najeriya, kuma a 1904 aka yi wasa tsakanin Legas da Gwalkwas, ƙasar da yanzu ake kira Gana. A Arewa wasan ya shiga ne ta makarantun gwamnati. Ɗaliban Kwalejin Katsina, wadda daga baya ta koma Kaduna sannan Zariya ta zama Kwalejin Barewa, sun buga kurket da wasan fayif, kuma Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello yana cikin waɗanda suka koyi wasannin biyu a can. Najeriya ta zama mamba a ICC da sunanta a 2002, bayan ta daɗe tana ƙarƙashin inuwar haɗin gwiwar ƙasashen Afirka ta Yamma.

Najeriya ba ta cikin ƙasashe 12 masu buga Tes, inda Afirka ta Kudu da Zimbabuwe ne kaɗai daga Afirka. Saboda haka, kafin 2019 duk bajintar da ɗan Najeriya ya yi ba ta shiga waɗannan jerin ba. Shawarar ICC ta 2018 ce ta buɗe ƙofar. Tawagar mata ta buga cikakken T20 nata na farko da Ruwanda a Abuja a watan Janairu 2019, ta maza kuma da Kenya a Kampala a watan Mayu 2019. A wannan shekarar tawagar maza ta je wasannin neman gurbin Kofin Duniya na T20 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ta maye gurbin Zimbabuwe da aka dakatar, sannan 'yan ƙasa da shekara 19 suka halarci Kofin Duniya na 2020 a Afirka ta Kudu.

Sakamakon jifa da ya fi fitar da sunan Najeriya shi ne na Peter Aho, wanda ya samu 6/5 da Saliyo a Legas a watan Oktoba 2021, har da uku rigis a ciki. Ya karya tarihin T20 na maza na duniya, 6/7 na Deepak Chahar na Indiya, kuma ya riƙe shi har zuwa watan Yuli 2023, lokacin da Syazrul Idrus na Maleshiya ya samu 7/8 da Sin. A watan Janairu 2025 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke Niyu Zilan da ratar maki 2 a Kofin Duniya na T20 da aka yi a Maleshiya. Tun daga 2019, duk mai jifan da ya sa rigar babbar tawagar Najeriya a karon farko a wasan T20, alƙalumansa suna shiga jeri ɗaya da na 'yan wasan Indiya, Ingila da Ostareliya.